Gangar da Gwaggo Ta Rataya

Ƙarfe biyu da kwata na rana ne, wata Asabar, muka ji ƙarar fashewar bam daga wajen babban titi. Na san lokacin daidai domin ni aka ba wa agogo. Bikin yayata ake yi a gidanmu na Bulumkutu, kuma a shekarun nan dokar hana fita ta mayar da komai rana. Wushe-wushe, wasan da dangin ango kan zo gaida gidan amarya, wanda a da ake kwana ana yi, an matse shi tsakanin azahar da la'asar. Babana ya rubuta tsarin bikin a bayan wata takardar ofis ya miƙa mini, ya ce tunda ni ba rawa ba hira, in zama mai duba lokaci. Ina aji biyar na sakandare. Takardar ta ce makaɗa za su iso ƙarfe biyu da rabi.

Ƙarar ba ta yi kusa ba. Kwanukan da ke kan kanta sun ɗan yi motsi, tattabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Mata suka yi salati, sannan aka ci gaba da zuba burabusko a faranti, don mun riga mun saba auna nisan abu da kunne. Dangin ango sun iso tun kafin nan. Makaɗa ne shiru. Wajen uku saura kwata wani maƙwabci ya leƙo ya ce an rufe hanyar Ajilari, unguwar da suke.

Mu gidan makaɗa ne, ko da yake babana ya bar sana'ar tun yana yaro, ya yi boko ya zama ma'aikacin gwamnati. Kakana mai ganga ne, kuma gidan yana da takensa, ɗan gajeren kiɗa da ake yi wa duk 'yar gidan ranar da za ta fita. Tun rasuwarsa abokinsa ne, shugaban makaɗan, yake zuwa da mutanensa ya yi mana. A ranar Kaka ta zauna a bakin ƙofar ɗakin amarya ta miƙe ƙafafu. Ta ce da wannan take aka shigo da ita gidan, da shi aka fitar da 'ya'yanta, jikarta ba za ta fita shiru kamar wadda aka sato ba. Babana ya dube ni, ni kuma na dubi agogo. Saura awa ɗaya da 'yan mintuna kowa ya kasance a gidansa.

Gwaggo, ƙanwar babana, zabiya ce. Tana da ƙungiyar mata biyar masu kiɗan ƙwarya, kuma tun da na yi wayo na san yadda aka raba aikin: mata a cikin gida da ƙoransu, maza a waje da ganga da algaita, zaure ne iyaka. Ban taɓa jin wani ya faɗi dalili ba. Haka aka tarar. Ranar nan Gwaggo ta ajiye sandunan ƙwaryarta, ta shiga ɗakin Kaka, ta sauko da gangar kakana daga ƙusar da take rataye. Ta gyara lafayarta, ta rataya gangar a kafaɗa.

Wata gwaggon ango ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. Mace da ganga?"

Kaka ba ta ko waiwaya ba. "Idan kin zo da namijin a jakarki, fito mana da shi."

Aka yi dariya, kuma cikin dariyar Gwaggo ta fara. Ban iya kwatanta sauti ba, ko yanzu. Abin da na gani shi ne babana, wanda ban taɓa ganin ya gyaɗa kai ga kiɗa ba, ya juya fuskarsa ga bango. Kaka ta janye ƙafafunta, aka fito da yayata, guɗa ta tashi. Sai daga baya na gane dalilin da ya sa fatar gangar ba ta saki ba bayan shekaru a rataye. Ashe Gwaggo ce ke sauko da ita idan gida ba kowa, ta shafa mata mai, ta ja igiyoyin. Tana yarinya ita ke riƙe wa mahaifinta fata idan yana ɗauri, kuma duk abin da ya kaɗa a waje ta kan maimaita shi a gindin turmi.

Kafin magariba labari ya iso. Makaɗan sun taso a kan lokaci, cikin keke napep biyu, suna kan titi lokacin da abin ya faru. Ɗan shugaban makaɗa, mai busa musu algaita, bai tashi ba. Shi kansa tsohon kunnensa na hagu ya daina ji. Bayan kwana biyu muka je ta'aziyya har da ni.

Daga nan kiɗan waje ya mutu. Ba a son taro a kan titi, su kuma makaɗa masu tayar da ƙayar baya sun sha aika musu gargaɗi. Wasu suka bar garin, wasu suka koma sayar da albasa ko tuƙa keke. Aure kuwa bai tsaya ba. Mutane suka riƙa aiko wa Gwaggo, su ce ta zo da ƙoranta, sannan a sassauta murya a ce, da ɗayar ma.

Ina jin nauyin faɗin cewa ina kewar waɗannan shekaru, amma ina kewarsu. Gangar a babban baho muke sa ta, a lulluɓe da zane, a kife ƙore a kai, sai ka ce kayan gara. A shingen bincike kowa ya kan sauka daga keke ya taka da ƙafa. Wata rana wani jami'i ya ɗaga zanen ya tsaya yana kallo, ya tambaya ina mai gangar. Babbar 'yar amshin Gwaggo, wata Bashuwa mai ƙiba da baki, ta ce masa ai maganin ɓera ce, idan an kaɗa sai su bar gidan. Ya yi dariya har ya manta bai duba jakata ba.

Idan mun isa gidan biki sai a rufe ƙofar zaure a sa sakata. Gwaggo ta kan ɗaura wani tsohon ɗankwalin Kaka a fuska ɗaya ta gangar don kada sautin ya tsallake katanga. Kiɗan sai ya fito a daƙushe, kamar daga cikin rijiya. Hayaƙin turaren wuta ya cika tsakar gida, tsofaffi su tashi cikin lafaya suna irin rawarmu ta a hankali, kafaɗa da tafin hannu, ba gaggawa, alhali kowa ta san ƙarfe nawa za a watse. Ni ina gefe kusa da randa, agogo a hannu, littafi a cinya.

Littafin mai bango mai kauri ne, na saye shi a shagon wata 'yar Kudu da ke bakin kasuwarmu, wadda kowa ke ce wa Madam. Ita ma mawaƙiya ce a cocinsu, kullum sai ta tambaye ni ko gwaggona na neman ƙarin murya. Na ja layuka da rula na raba kowane shafi gida huɗu: rana, unguwa, abin da aka kaɗa, sai na ƙarshe, makaɗa maza. A farko Gwaggo ba ta fito da ganga sai an tabbatar ba za su zo ba, shi ya sa na buɗe wannan gidan. Ƙarami ne, ba ya ɗaukar fiye da "sun zo" ko "ba su zo ba". Na koma baya na sa bikin yayata a layin farko, don lissafin ya cika.

Garin ya cika da mutanen da suka gudo daga garuruwansu suka raɓe a gidajen dangi, su ma suna aurar da 'ya'ya. A wani biki a Jiddari Polo wata tsohuwa ta kama gefen lafayar Gwaggo ta tambaye ta ko ta san kiɗan da ake fitar da amarya da shi a garinsu. Gwaggo ta ce ba ta sani ba, amma ta yi mata da baki. Tsohuwar ta fara, tana buga gwiwarta. Gwaggo ta gwada, aka ce a'a. Ta sake, aka ce saura kaɗan. A na uku tsohuwar ta cire takalmanta ta shiga fili, idanunta a rufe. Daga ranar abin ya zama al'ada. Duk inda muka je sai an samu mai kawo kiɗan garinsu a baki, Gwaggo ta mayar da shi kan fata, ta juyo ta ce mini, "Malama, rubuta." Na ƙirƙiro wasu alamomi, dogon zane ga bugu mai nauyi, ɗigo ga mara nauyi. Ta kan duba ta ce kaji sun bi ta kan takardata. Ba ta taɓa buƙatar su ba, komai yana kanta.

Kaka ta rasu ina shekarar farko a jami'a. A lokacin gari ya fara sakewa, an sassauta dokar hana fita, ana kafa rumfa a ƙofar gida kamar da. Makaɗa suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Ba a daɗe ba muka fara jin cewa wasunsu na gaya wa masu biki, idan matar nan za ta zo da ganga, su ba za su zo ba. Sannan aka aiko wa babana da saƙo cikin ladabi. A al'adar sana'ar, gangar makaɗin da ya rasu ba ɗan da ya gaje shi ta kan koma hannun shugaba, shi ya ba wanda ya ga ya dace. An yi shiru a baya ne don girman tsohuwa. Yanzu tsohuwa ta tafi.

Babana ya ce al'ada al'ada ce, shi ba zai ja da abokan mahaifinsa ba. Gwaggo ta ce ta ji. Na tambaye ta me za ta yi, ta ce za ta je da goro idan lokaci ya yi, irin wannan magana zama ake yi mata. Mako ya wuce, wani ya biyo, ba ta je ba. Na ɗauka tsoro ne. Ni kuma ina da littafi, kuma a makaranta an koya mini cewa mai hujja a rubuce ba ya faɗuwa.

Kwana uku na yi ina rubuta wasiƙar. Shafi huɗu, da Hausa mai tsabta, babu gogewa ko ɗaya. Na fara da gaisuwa ta girmamawa, na roƙi a bar wa Gwaggo gangar kuma a karɓe ta cikin makaɗa, sannan na kwafe littafin layi bayan layi, da dukkan gidajensa huɗu, don a ga aikin da ta yi. Ban gaya mata ba. Na kai wasiƙar Ajilari da kaina, kunya ta hana ni neman tsohon, na ba matarsa a zaure na juyo.

Shi ba ya karatun boko. Ranar Alhamis, da makaɗan suka taru a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa kamar yadda suka saba, ya miƙa wa ɗaya daga cikinsu ya karanta a gaban kowa. Matarsa ce ta zo ta ba Gwaggo labari. Ta ce an wuce gaisuwa lafiya, an wuce roƙo lafiya, sai aka zo layin farko. Asabar, Bulumkutu, taken gida, makaɗa ba su zo ba. Tsohon ya sa aka maimaita a kunnensa mai ji. Sannan ya tashi ya shiga gida. Mai karatun kuwa bai san ya tsaya ba, ya ci gaba, ba su zo ba, ba su zo ba, har shafi na huɗu.

Gwaggo ta same ni ina wankin kayan makaranta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ke kin je ta'aziyyar nan ko ba ki je ba?"

Na ce na je.

"To," ta ce, ta wuce.

Sai a lokacin na gane abin da take jira. Ba tsoro ba ne. A ranar da tsohon ya rasa ɗansa a hanyar zuwa gidanmu, a ranar ta fara rataya ganga, kuma duk shekarun nan bai taɓa ce mata komai a kai ba, ita ma ba ta taɓa ce masa ba. Hanyar da za ta bi ta shiga maganar take nema, ni kuma na je na buɗe ta da rula.

Washegari da safe ta naɗe gangar a sabon zane, ta ɗauki ƙullin goro, ta ce in sa mayafina. Muka tarar da shi a zaure kan buzu, ya rame fiye da yadda na san shi. Suka yi gaisuwa da Kanuri mai tsawo, wushe, wushe, gida, jiki, zafi, har na fara tunanin ba za a zo kan maganar ba. Sannan ta tura goron gabansa ta ce ta zo ban haƙuri, yarinya tata ce, hannun da ya yi rubutun nata ne. Ya juyo kunnensa na dama wajena.

"Wannan ce mai takardar?"

Na sunkuyar da kai.

"Jikar abokina, babu ƙarya ko ɗaya a rubutunki. Ba mu zo ba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Gwaggo ta tura gangar kusa da goron ta ce ga amanar, ta kawo kamar yadda aka aiko. Ta ce abu ɗaya take so ta sani daga bakinsa, ba daga bakin yara ba: ita makaɗiya ce ko ba makaɗiya ba ce? Idan ya ce a'a, ba za ta ƙara taɓa fata ba, ko ta aro. Ya daɗe yana kallon zanen. Daga ƙarshe ya ce ta ajiye, Allah ya kai mu. Muka taso.

Mako uku ba labari. Gwaggo ta koma ƙoranta, ta je biki biyu, ta yi waƙa kamar kullum, 'yar amshinta ta yi ta zagin maza a keke har direban ya ce shi dai ba makaɗi ba ne, a sassauta masa. Amma na lura kafaɗarta ta hagu tana ɗan karkacewa idan ta miƙe, kamar mai jiran nauyi. Ƙusar ɗakin Kaka tana nan fayau. Ni kuma na daina ɗaukar littafin. Na sa shi ƙarƙashin akwati, har yau yana wurina, kuma ban ƙara masa layi ba.

Ranar wata Laraba da hantsi matarsa ta aiko a ce yana kira, mu zo mu biyu. Muka same shi da gangar a cinya, ya kwance zanen, yana bin igiyoyin da yatsa. Ya tambayi wanda ya sake mata fata, don wannan ba fatar da ya sani ba ce. Gwaggo ta ce ita ce, sau biyu, fatar akuya daga kasuwa. Ya ce ya gani, ƙullin mahaifinta ne, mai komawa ta ƙasa, shi kansa shekara da shekaru yana kallon yadda ake yinsa bai iya ba.

Sannan ya ba mu labari, kamar ba shi da alaƙa da zuwanmu. Ya ce makon jiya sun yi biki, wasu mutanen ƙauye suka nemi a yi musu kiɗan garinsu, yaransa suka tsaya suna kallon juna. Wata mata ta ce musu ai mai gangar Bulumkutu ta iya. Ya ce wannan shi ne karo na uku. Ya tambayi Gwaggo irin waɗannan nawa ta riƙe, ta ce ba ta ƙirga ba. Suka juyo gare ni tare, na buɗe baki zan faɗa, sai na rufe. A nan ne na ga ya yi murmushi.

Ya miƙa mata gangar ya ce ta yi masa taken gidanmu, wanda ta yi a ranar, tunda shi bai samu ji ba. Ta rataya. Ta yi shi daga farko zuwa ƙarshe, a daƙushe, don ɗankwalin Kaka yana nan ɗaure a inda yake. Ya saurara da kai a karkace. Da ta gama ya ce tana sauri a gaɓa ta biyu, mahaifinta ma haka yake, sun sha faɗa a kai. Sannan ya goge fuskarsa da hannun riga.

Gwaggo ta jira. Da ta ga bai ƙara ba, ta fara zare igiyar daga kafaɗarta.

"Baba, in ajiye ta a ina?"

"Wa ya ce ki ajiye? Asabar akwai biki a Jiddari Polo, a waje za mu yi. Ki kwance wannan tsumman, ganga ba ta ɗaura ɗankwali. Ki tsaya a damana, na hagun ba ya ji."